Aikin Stardust a Disneyland: Yadda Cunkoso da Tsarin Hanya Suke Haɗuwa Su Ka da Mai Tafiya

A ranar 17 ga Yuli, 1955 aka buɗe filin shaƙatawa na Disneyland a garin Anaheim da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma tun a wannan rana ƙasar da ake takawa ta fara ba da matsala. An gina filin cikin shekara guda a kan tsohuwar gonar lemo mai faɗin eka 160, aka kashe dala miliyan 17, aka yi ta aiki har jajibirin buɗewa, ta yadda kwaltar da aka malala a babban titin shiga ba ta gama ƙarfi ba lokacin da baƙi suka iso. Ranar ta zo da zafi mai tsanani, kwaltar ta yi laushi, tsinin takalman mata ya riƙa nutsewa a cikinta. Mutanen da suka shiga kuwa sun kai kimanin 28,000, kusan rabinsu ba a gayyace su ba, wasu da katin jabu suka shigo, wasu kuma shinge suka haura. Kwalta ta bushe a kwana kaɗan, amma faɗin hanyoyin da aka zana a wancan lokaci ya ci gaba da zama yadda yake, alhali jama'a sai ƙaruwa suke yi, har ƙiyasin masu bibiyar wannan sana'a ya nuna cewa baƙin filin sun haura miliyan 18 da rabi a shekarar 2018, wato fiye da mutum 50,000 a kowace rana idan aka raba daidai, kuma ba a taɓa raba su daidai ba, domin ranakun hutu da bukukuwa sukan ɗauki kaso mafi tsoka.

Lamarin da wannan nazari ya duba shi ne gyaran da hukumar filin ta gudanar daga wajen 2017 zuwa tsakiyar 2019, wanda ta sa wa suna Project Stardust. Dalilin gyaran shi ne shirin buɗe sabon sashe mai faɗin eka 14 da ake kira Star Wars: Galaxy's Edge a ranar 31 ga Mayu, 2019, wanda ake sa ran zai jawo dandazon da filin bai taɓa gani ba. Hukumar ta gabatar da aikin a matsayin hanyar rage cunkoso da ƙawata wuri. Sai dai wanda ya bi abubuwan da aka taɓa ɗaya bayan ɗaya, wato dakalin gefen titi, layin dogon taragon doki, kewayen shuke-shuke, bencina, da wuraren ajiye keken tura yara, zai ga cewa kusan dukkansu abubuwa ne da ba su wuce gwiwa ba a tsayi, kuma irin su ne suke ka da mutum idan jama'a suka yi yawa.

Tsarin filin shi ne tushen al'amarin. Walt Disney, wanda ya kafa filin, ya so kowane baƙo ya shigo ta ƙofa ɗaya, ya ratsa ɗaya daga cikin ƙananan mashigai biyu da ke ƙarƙashin layin jirgin ƙasa, ya fito wani dandali, sannan ya miƙe ta titi guda mai suna Main Street har zuwa wani babban shataletale da ke gaban fadar da ta zama alamar filin. Daga wannan shataletale ne hanyoyi suke rarrabuwa zuwa sassa daban-daban. Tsarin yana da fa'ida babba, domin baƙo ba ya ɓata, kuma duk inda ya je ya san ta inda zai dawo. Illarsa ita ce duk wanda ya shiga da safe ta wannan titi zai fita da dare, kuma da safe mutane a warwatse suke shigowa, amma da dare kusan a tare suke fita. An kuma gina titin ne don ya yi kama da titin ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20, saboda haka aka yi masa duk abin da titin gaske yake da shi: hanyar masu tafiya a ƙafa a gefe biyu, dakali mai tudu da ya raba ta da tsakiyar titi, turakun fitilu, da layin dogo a tsakiya wanda tarago yake bi, doki yana jan sa. A titin gari na gaske, dakali yana raba mutum da mota ne, kowa ya san gefensa. A Main Street kuwa mutane suna cika titin daga bango zuwa bango, don haka dakalin ya zama matakala guda ɗaya da take kwance a tsakiyar taron jama'a, ta miƙe tsawon titin a gefe biyu.

Kafin a fahimci haɗarin wannan matakala, ya kamata a san yadda ƙafa take tafiya. Binciken da David Winter na Jami'ar Waterloo ta Kanada ya wallafa a 1992 ya nuna cewa a lokacin da mai tafiya yake jefa ƙafarsa gaba, akwai gaɓar da yatsunsa suke wucewa da tazarar kimanin santimita 1.3 kacal daga ƙasa, kuma a daidai wannan gaɓa ce ƙafar take cikin mafi saurin motsinta. Ma'ana, ko da tudu bai kai kaurin ɗan yatsa ba, yana iya kama bakin takalmi. Wannan ne ya sa ƙa'idojin gini da suka biyo bayan dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta 1990 suka yi tsauri a kan 'yan ƙananan bambance-bambance: tudun da bai wuce rubu'in inci ba, wato kimanin milimita 6, ana iya barin sa a tsaye, daga nan zuwa rabin inci sai an fere bakinsa, abin da ya haura rabin inci kuwa sai an mayar da shi gangara, kuma gangarar ba za ta wuce hawan inci ɗaya a cikin tsawon inci 12 ba. Dakalin titi a Amurka yakan kai wajen santimita 15, wato ya ninka tazarar yatsun ƙafa fiye da sau goma. Abin da yake hana mutane faɗuwa a kansa kullum shi ne ido, domin mai tafiya yakan duba ƙasa kimanin taku biyu a gabansa, ya shirya ɗaga ƙafa tun kafin ya iso, ba tare da ya san yana yin haka ba.

Cunkoso yana ƙwace wannan kariya ta hanyoyi da dama a lokaci guda. John Fruin, injiniyan da ya yi aiki da hukumar tashoshin New York da New Jersey, ya tsara ma'aunin cunkoson masu tafiya a ƙafa a 1971, ya kasa shi mataki shida. A mataki mafi sauƙi kowane mutum yana da filin da ya haura murabba'in mita uku, yana tafiya da saurin da ya ga dama, yana kauce wa wanda ya so. A mataki mafi tsanani kuwa abin da ya rage wa mutum bai kai rabin murabba'in mita ba, tafiya ta koma jan ƙafa, gogayya da na kusa kuma ta zama dole. Tsakanin waɗannan matakai biyu ne ƙasa take ɓacewa daga ido. Idan na gabanka yana nesa da kai da taku ɗaya, to taku biyun da idonka yake buƙata bayansa da ƙafafunsa sun rufe su, kuma ba za ka san akwai dakali ba sai idan ka lura kansa ya ɗan yi ƙasa ko ya ɗan yi sama. Jan ƙafa kuma yana rage ɗan ɗagawar da ake yi wa ƙafa, don haka abin da za ka tsallake a sake shi ne zai kama ka a matse. Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne cewa mutum yakan ceci kansa daga tuntuɓe ta hanyar jefa ɗaya ƙafar gaba da sauri, ya yi dogon taku ya tare nauyin jikinsa. A cikin taro babu inda za a jefa wannan ƙafa, sai dai a kan dugadugan wani ko cikin tayar keken yaro.

Akwai kuma batun faɗin hanya na gaskiya, wanda ya bambanta da faɗin da ake aunawa da tef. Mutane ba sa tafiya manne da bango, ko shinge, ko bakin kewayen furanni. Sukan bar tazarar santimita 30 zuwa 45 ba tare da an ce su bari ba. Idan aka sa benci a gefen hanya, ba faɗin bencin kaɗai aka cire ba, har da ƙafafun wanda ya zauna ya miƙe, da keken yaron da ya jingina a gabansa, da 'yar tazarar da masu wucewa za su bar masa. Hanyar da take da faɗin mita shida a takarda tana iya komawa mita uku a aikace da zarar an dasa amalanken mai sayar da abin sha a gefe ɗaya, layin masu jiran abinci kuma ya fito ta ɗaya gefen. A irin wannan wuri hanya takan zama mazurari, baki mai faɗi da maƙogwaro siriri, kuma a bakin maƙogwaron ne jama'a suke taruwa, suna tsayawa suna motsawa, wanda yake baya bai san dalilin tsayuwar na gaba ba. Idan kowa hanya ɗaya ya nufa, abin da sauƙi, haka ma idan ɓangarori biyu ne suke fuskantar juna, domin mutane da kansu sukan jera layi-layi kowa ya bi bayan mai tafiya irin tasa. Wahalar tana mararraba, inda masu ratsawa suke yanke masu miƙewa, dole kowa ya ɗaga kai yana duban fuskoki da kafaɗu don kada a yi karo, ƙasa kuma babu mai kallonta.

Wanda yake son ganin duk waɗannan abubuwa a haɗe sai ya tsaya a Main Street a daren da ake wasan wuta. Tun da sauran lokaci iyalai suke kama wuri, da yawa suna zaune a kan dakalin nan kansa, ƙafafunsu a titi, jakunkuna da kofuna a gefensu. Ma'aikata suna manna salatif a ƙasa suna ja igiya don su ware wurin tsayuwa da wurin wucewa, suna kaɗa sanduna masu haske suna cewa a ci gaba da tafiya, kada a tsaya a nan. Idan wasan zai fara sai a rage hasken fitilun titi don a ga sararin sama sosai. Da an gama, dubban mutane da suka shafe mintuna suna kallon haske mai ƙarfi a sama sai su juya gaba ɗaya su nufi ƙofar fita, idanunsu ba su gama sabawa da duhun ƙasa ba. Ga uba ya saɓa yaro mai barci a kafaɗa, yaron ya rufe masa ganin gefe ɗaya. Ga uwa tana tura keke, tayar gaba ta faɗa cikin kwarin layin dogo ta ƙi fita, keken ya tsaya cak, na bayanta ya ci karo da dugaduganta. Ga tsohuwa da ta yini tana tafiya tun safe, ƙafa ta yi nauyi, ta zo sauka daga dakali a wurin da take zaton ƙasa a shimfiɗe take. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi sakaci, kuma babu abin da ya lalace a titin. Da ƙarfe tara na safe wannan dakali da wannan layin dogo ba sa damun kowa.

A filin shaƙatawa sakamakon irin wannan tuntuɓe yawanci targaɗe ne, ko ƙujewar gwiwa, ko karayar wuyan hannu, ko karayar ƙugu ga tsofaffi, wadda ba ƙaramar masifa ba ce. Amma ƙa'idar ɗaya ce da ta wuraren da abin ya kai ga rasa rayuka. A ranar 12 ga Janairu, 2006 fiye da alhazai 340 suka rasu a mashigar gadar Jamrat a Mina, kuma rahotannin lokacin sun ambaci kayan da suka zube a hanya waɗanda mutane suka riƙa tuntuɓe da su. Dirk Helbing da abokan aikinsa, da suka nazarci hotunan bidiyon wannan rana, sun nuna yadda tafiyar taro take sauyawa daga gudana lami lafiya zuwa tsayawa da motsawa, sannan zuwa wani yanayi da ake jefa mutum ko'ina ba da son ransa ba, kuma a wannan yanayi mutum ɗaya da ya faɗi yakan bar gurbin da na kusa da shi suke ruftawa ciki. Cunkoson Main Street bai kama ƙafar na Mina ba, amma masu tsara wuraren taro daga irin wannan nazari suke koyon inda ya kamata su sa ido.

Gyaran da aka yi a Main Street ya tafi kai tsaye ga abubuwa biyun nan. A farkon 2018 aka killace tsakiyar titin na wasu makonni, aka cire layin dogon taragon doki aka shimfiɗa sabo, aka kuma jera jan bulo a tsawonsa a maimakon kwaltar da take kewaye da shi a da. Tsohon ƙarfe da tsohuwar kwalta ba sa lalacewa tare. Kwalta takan zaizaye ko ta kumbura a gefen ƙarfe, sai a sami ɗan baki da yake kama takalmi. Sabon shimfiɗi ya daidaita wannan, bulon kuma ya sa ana bambanta inda layin yake da sauran titi ko da ta gefen ido ne. Kwarin da ƙafar tarago take bi dai yana nan, domin ba yadda za a yi tarago ya yi tafiya babu shi. Daga baya aka koma kan dakali, aka sassauta shi a kusurwoyi da wuraren da jama'a suka fi hawa da sauka, aka mayar da shi gangara mai sauƙi wadda ƙafa da keken yara da keken guragu za su bi ba tare da sun ji canji ba. Ba a share dakalin gaba ɗaya ba, saboda shi ne yake ba titin kamanninsa na tsohon gari, shi ne kuma wurin zaman masu kallon jerin gwano. A nan akwai abin lura: dakalin da yake nan a wani wuri, ya ɓace a wani wuri, yana iya yaudarar wanda ya sauka ta gangara ɗazu ya ɗauka ko'ina haka yake. Gyaran rabi yana da nasa haɗarin, kuma maganinsa shi ne a sa gangarar a daidai inda mutane suka saba ratsawa da kansu, a kuma bambanta launin bakin dakalin inda ya rage.

Sashen Adventureland ne ya fi ko'ina matsewa, kuma tarihinsa ya nuna yadda cunkoso yake taruwa a hankali ba tare da wani ya yanke shawarar haifar da shi ba. A 1955 'yar gajeriyar hanya ce mai shaguna da tashar kwalekwale. A 1966 aka buɗe sashen New Orleans Square a bayansa, hanyar ta zama mashigar masu wucewa. A 1992 aka fara wasan dare na Fantasmic a bakin kogin da ke gaba, wanda yake sallamar dubban 'yan kallo a lokaci ɗaya. A 1995 kuma aka buɗe Indiana Jones Adventure, ɗaya daga cikin wasannin da aka fi rububi, ƙofarsa a kan wannan siririyar hanya. Tunda ba a shiga layin wasa da keken yara, sai iyaye su ajiye su a waje, kekuna su yi sahu a tsakiyar hanya, tayoyi da hannuwa sun fito ta ko'ina, kuma sahun ba ya tsayawa a siffa ɗaya, yana kumbura yana raguwa gwargwadon tsawon layi. Abin da hukumar ta yi a 2017 ya burge ni, domin ta taɓa aljihunta: ta rufe wasu shagunan sayar da kayan tsaraba ta mayar da su wurin zaman masu cin gasasshen nama na Bengal Barbecue, don masu ci su bar tsayuwa a hanya, sannan ta kwashe wata rumfar sayar da kayan marmari ta mayar da gurbinta ma'ajiyar kekunan yara. A ƙarshen 2018 aka buɗe wani wurin cin abinci mai kujeru a gefen sashen, mai suna Tropical Hideaway, a 2019 kuma aka faɗaɗa mashigar sashen daga shataletale. Hikimar ita ce a cire wanda yake tsaye daga cikin masu tafiya ta hanyar ba shi wurin da ya fi hanya daɗi, maimakon a sa ma'aikaci ya yini yana korar sa.

A sauran sassa aikin ya kasance na 'yan taku kaɗan nan da can. An rage girman kewayen shuke-shuke, har da wanda ke gaban gidan wasan fatalwa na Haunted Mansion, an sake tsara layin jira na wasannin Dumbo da Matterhorn don kada su malalo kan hanya, an matsar da amalanken 'yan tireda zuwa lunguna, an kuma cire manyan duwatsun ado da suka tsaya a mashigar sashen Tomorrowland.

Sai kuma dokokin da suka fara aiki a ranar 1 ga Mayu, 2019. An hana shiga da keken yara da ya wuce inci 31 a faɗi ko inci 52 a tsawo, wato kimanin santimita 79 da 132, an kuma hana amalanken yara da ake ja ko ake turawa, an rufe wuraren shan taba da ke cikin filin. Dokar amalanke ta jawo ƙorafi daga iyaye masu yara da yawa, amma ta fuskar tuntuɓe tana da hujja mai ƙarfi. Abin da ake turawa yana gaban mai shi, yana ganin sa, yana sarrafa shi. Abin da ake ja kuwa yana bayansa, ƙasa da inda ido yake kaiwa a cikin taro, kuma mai ratsawa yakan ga kamar akwai gurbi a bayan mutumin, ya jefa ƙafa, sai ya tarar da sandar ja ko bakin amalanke. Sabon sashen kansa an yi masa hanyoyi masu faɗi da mashigai uku, ɗaya daga cikinsu ta haɗe da sashen Critter Country na wancan lokaci, wanda a da lungu ne marar ɓullewa da kowa yake juyowa ta inda ya shiga. Haɗewar ta sa ana iya zagayawa, masu shiga da masu fita suka rage gwamuwa. Daga ranar buɗewa zuwa 23 ga Yuni kuma ba a shiga sashen sai da rajistar lokaci ta awa huɗu, wato an sarrafa adadin mutane tun daga ƙofa.

Gyaran bai zo kyauta ba. Tsofaffin masoya filin sun yi ta kukan cewa ana aske bishiyoyi da furanni da bencina ana mayar da wurin fili fetal, hukumar kuma ta amsa da cewa jimillar kujerun zama ƙaruwa ta yi, sai dai an mayar da su cikin wuraren cin abinci da gefe. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, amma akwai abin da lissafin jimilla ba ya nunawa. Gajiya tana cikin abubuwan da suke sa mutum ya daina ɗaga ƙafa yadda ya kamata, kuma dattijon da ya gaji a tsakiyar hanya benci yake buƙata a inda ya gaji, kujerar da ke cikin gidan abinci a can gaba ba ta da amfani gare shi a wannan lokaci. Idan bai samu ba, zai zauna a bakin kewayen furanni ko a kan dakali, ƙafafunsa a hanya, sai a koma gidan jiya. Faɗaɗa hanya kuma yana tura cunkoso gaba ne zuwa matsattsen wuri na gaba, don haka duk inda aka buɗe sai an bi an duba inda jama'ar suka je suka taru.

Ta fuskar shari'a ma batun cunkoso yana da nauyi. Kotunan Kalifoniya suna da ƙa'idar da take cewa mai wuri ba ya ɗaukar alhakin ɗan ƙaramin lahani a hanya wanda mai tafiya da hankali zai wuce lafiya, amma ba girman lahanin kaɗai suke aunawa ba, sukan duba yanayin da ya kewaye shi, kamar ƙarancin haske ko wani abu da ya tare gani. Jihar tana kuma bin tsarin raba laifi tun 1975, inda ake rage diyyar wanda ya ji rauni gwargwadon nasa sakacin. A filin shaƙatawa hujjar cewa mutum bai duba gabansa ba tana da rauni, domin mai wurin ne ya kashe maƙudan kuɗi don ya ɗauke idon baƙo daga ƙasa zuwa gine-gine da fitilu da sararin sama, shi ne ya rage haske, shi ne kuma ya yanke adadin mutanen da za a bari su shiga. Wanda ya tsara duk wannan ba zai auna lafiyar hanyarsa da yadda take da safe babu kowa ba.

Gwajin da aka shirya wa bai zo da ƙarfin da aka zata ba. A bazarar 2019 jama'a da dama sun ƙaurace wa filin saboda tsoron cunkoso da tsadar tikiti da kuma takunkumin da aka sa wa masu katin shekara, har kamfanin Disney ya ba da rahoton raguwar baƙi da kashi 3 cikin 100 a filayensa na Amurka a watanni ukun da suka ƙare a Yuni. A Maris 2020 annobar korona ta rufe filin, bai sake buɗewa ba sai 30 ga Afrilu, 2021, kuma ya dawo da tsarin yin rajistar rana kafin zuwa. Duk da haka aikin sassauta hanya bai tsaya ba. A 2022 aka rushe matakala da gadar shiga wani gidan kan bishiya da baƙi suke hawa, waɗanda suka daɗe a tsaye a tsakiyar hanyar Adventureland, a daidai inda take gangarawa zuwa New Orleans Square, kuma lokacin da aka sake buɗe gidan a Nuwamba 2023 an mayar da mashigarsa gindin bishiyar, a gefen hanya.